Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Gida Bayan Ambaliyar Ruwa

Ranar da ruwa ya janye, babu abin da mai gida yake so kamar ya ga an share, an yaɓe, an yi fenti, iyali sun koma ɗakunansu. Ba za a ga laifin kowa a kan wannan ɗoki ba, sai dai a tsohon gida shi ne yakan jawo ɓarnar da ta fi ta ambaliyar kanta daɗewa. Aikin kashi biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban: kwashe laka da wanke ƙazanta suna bukatar hanzari na awoyi, busar da bango da katako kuwa yana bukatar haƙuri na watanni. Galibin kurakuran da ake tafkawa daga juya wannan tsari suke tasowa, wato a yi nawa wajen wanki, sannan a yi rawar jiki wajen rufe bangon da bai bushe ba.

Gidan da aka gina kafin siminti ya zama ruwan dare, ko da tubalin ƙasa ne, ko da jan bulo ko dutse da aka ɗaure da kwaɓin farar ƙasa, wato laim na gini da ake samu daga ƙonannen farin dutse, bangonsa yana da kauri, kuma yana shan danshi ya fitar da shi ta fuskokinsa biyu, abin da magina ke kira numfashin bango. Irin wannan gini, musamman a garin da ruwa ya saba ci, mai yiwuwa ne ya sha jiƙewa a baya ya bushe da kansa. Abin da ba ya jurewa shi ne a toshe masa hanyar fitar danshi da siminti mai tauri ko fentin mai alhali cikinsa yana jiƙe.

Kafin a sa ƙafa a ciki

A fara da zagaya gidan daga waje, a dubi bango daga nesa ko ya karkata ko ya yi ciki, a dubi layin rufi ko ya lotsa, a kuma dubi gindin gini ko ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi. Idan ƙofar da a da take buɗuwa cikin sauƙi ta cije, wataƙila kumburin katako ne kawai, wataƙila kuma ginin ne ya motsa, don haka kada a buge ta da ƙarfi sai an tabbatar da abin da ke samanta. Silin da ya kumbura ya yi tumbi yana riƙe da ruwa ne, kuma zai iya rufto wa mutum ba tare da wata alama ba.

Bangon ƙasa ya fi kowane irin bango haɗari a wannan lokaci, domin ƙarfinsa a bushewarsa yake. Idan gindinsa ya jiƙe ya yi laushi, nauyin saman bangon da na rufi yana nan yadda yake, shi ya sa irin waɗannan gine-gine sukan rushe kwanaki bayan ruwa ya tafi, lokacin da kowa ya saki jiki. A tokare rufin da gumagumai masu ƙarfi, a ɗora ƙasansu a kan faffaɗan katako don kada su nutse cikin daɓen da ya yi laushi, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin har sai magini ko injiniya ya duba.

A kashe wutar lantarki daga babban makunni, amma sai idan za a kai gare shi ba tare da an tsaya cikin ruwa ba; in ba haka ba, a bar wa mai gyaran wuta. Kada a mayar da wuta sai an buɗe kowane soket da ruwa ya taɓa an gwada wayoyin, domin laka takan maƙale a ciki ta riƙe danshi bayan bango ya yi kamar ya bushe. A rufe tukunyar gas, a shiga da tocila, kada a kunna ashana. Janareta kuwa a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, saboda iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa a cikin rufaffen wuri.

Ruwan ambaliya ya bi ta masai da kwatami da bola kafin ya iso falo, saboda haka a ɗauke shi a matsayin ƙazanta komai haskensa. A sa dogon takalmin roba da safar hannu da takunkumi, a rufe duk wani rauni, wanda ya yanke kuma a duba masa batun allurar tetanus. Fitsarin ɓera da ke cikin irin wannan ruwa yana yaɗa cutar leptospirosis, wadda takan fara da zazzaɓi da ciwon jiki, don haka duk wanda ya yi zazzaɓi a makonnin aikin ya gaya wa likita cewa ya yi aiki cikin ruwan ambaliya. Macizai da kunamu ma sukan fake a bayan kaya da cikin durowa, sai a riƙa taɓa abu da sanda kafin a sa hannu.

Kafin a motsa ko da kujera ɗaya, a ɗauki hoton kowane ɗaki, a auna tsayin shatin da ruwa ya bari a bango, a rubuta shi da kwanan wata a wurin da ba za a goge ba. Masu inshora da hukumomin agaji za su nemi hotunan, awon kuma shi za a dogara da shi idan aka zo tsara gyara.

Fitar da ruwa da laka

Inda gida yake da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuskure ne babba a sa inji a zuƙe ruwansa a rana guda. Ƙasar da ke kewaye da bangon tana cike da ruwa tana turo shi ciki, ruwan da ke ɗakin kuma shi ke tare wannan turi, idan aka kwashe shi farat ɗaya bangon zai iya tsagewa ko daɓen ya ɗago. A jira ruwan waje ya sauka, sannan a riƙa rage kimanin kashi ɗaya cikin uku a kowace rana, a sa alama a bango. Idan da safe aka tarar ruwan ya koma inda yake, lokaci bai yi ba tukuna. Haka ramin masai, kada a kwashe shi ƙasa tana jiƙe sharkaf, domin tankin da babu komai a cikinsa yakan taso ko bangonsa ya rufta.

Laka kuwa a kwashe ta tun tana ɗanya, da shebur da baro, domin idan ta bushe takan kama bulo da katako kamar an yaɓa ta, ƙurarta kuma ba ta da kyau a shaƙa. A bi da ruwa mai tsabta ta tiyo marar ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana da daɗin aiki, amma yana kwashe kwaɓin da ke tsakanin tsofaffin bulo, yana kuma cusa ƙarin ruwa cikin bangon da ake son ya bushe. Bangon ƙasa kam kada a kusance shi da tiyo ko kaɗan. A nemi lakar da ta ɓuya a ƙarƙashin daɓen katako da bayan kabad da cikin ƙofofin iska na gindin bango, domin nan ne wari da ruɓewa suke farawa. Bayan sabulu da ruwa, a goge wurare masu tauri da bilic, kimanin kofi ɗaya, wato mililita 250, a cikin lita 20 na ruwa, tagogi a buɗe. Kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanki mai amoniya ko asid, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Fumfuna takan fara tsiro a kan kayan da suka jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, shi ya sa kwana biyun farko suke da tsada. Katifa da matashin kai da kafet da kujerun soso da suka sha ruwan ƙazanta ba sa wankuwa har ciki, gara a haƙura da su. Haka kayan da aka yi da diddigar katako da aka matse da gam, da allon jifsam, wato farin allon da ake silin ko raba ɗaki da shi, domin da zarar sun kumbura ba sa komawa yadda suke. Takardu da littattafan da ba za a iya busarwa nan take ba a sa su a leda a ajiye a firiza idan akwai wuta, sanyin zai tsayar da fumfuna har a sami sukuni. Hotuna a ɗauraye su a hankali da ruwa mai tsabta, a shimfiɗa su fuska sama a inuwa. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuma ba a shan ruwanta sai an yashe ta an sa mata kulorin, kafin nan a tafasa duk ruwan sha.

Abin da bai kamata a ɓalle ba

A nan ne masu tsofaffin gidaje suka fi yin asara, domin ma'aikatan da suka saba da sabon gini sukan zo da guduma su ce a ɓalle duk abin da ruwa ya taɓa har tsayin mita guda. Wannan shawara daidai ce ga allon jifsam da filastar jifsam, wadda aka fi sani da POP, tunda ruwa yana narkar da ita. Amma tsohuwar ƙofa ta katako mai kauri, da firam ɗin taga, da matakala, da yaɓen farar ƙasa, galibinsu suna bushewa su koma aiki, kuma samun katako mai ingancinsu a yau ba ƙaramin abu ba ne. A ganina, duk abin da ya kai shekara hamsin yana tsaye ya cancanci a ba shi wata biyu ko uku kafin a yanke masa hukunci.

A gwada yaɓe ta hanyar ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Inda ya yi amon fanko ya rabu da bango ke nan, inda ya yi amo mai nauyi yana nan a manne, sai a bar shi. Ƙofofin da suka kumbura kada a fere su yanzu, domin idan suka bushe za su tsuke su bar giɓi. A daɓen katako, a cire allo ɗaya bayan kowane biyar ko shida, a sa musu lamba da fensir don a san mazauninsu, hakan zai ba sauran wurin kumbura ba tare da sun kantare ba, iska kuma za ta shiga ƙarƙashi. Kayan katako a fitar da durowoyinsu, a shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana mai zafi tana tsaga su. Akasin haka, abin da ke hana danshi fita a cire shi da wuri, kamar ledar ƙasa da takardar ado ta bango mai roba da fentin mai da ya kumbura.

Akwai abubuwa biyu da ake samu a tsofaffin gidaje waɗanda ke sa kankara da fasa su zama haɗari. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda ƙurarta ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Amurka ba ta haramta irin wannan fenti a gidaje ba sai a 1978, ƙasashe da dama kuma sun yi jinkiri fiye da haka. Tsofaffin allunan silin da na rufi kuma sukan ƙunshi asbesto, wanda Birtaniya ta kammala haramta shi a 1999, kuma zaren da yake saki idan aka fasa shi yana jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Idan ana zargin ɗayansu, kada a goge da samfefa, kada a fasa, a jiƙa wurin don kada ƙura ta tashi, a nisantar da yara da masu juna biyu, a nemi wanda ya san aikin.

Busarwa

Iska ce ke busar da gida, zafi mataimaki ne kawai. A buɗe tagogi da ƙofofi da kabad, a sa fankoki su riƙa kora iska ta ratsa ɗakuna ta fita. Idan iskar waje ma tana da laima, sai a koma ga na'urar tsotse danshi, kuma ita sai an rufe tagogi take aiki, in ba haka ba danshin unguwa gaba ɗaya za ta yi ta tsotsa. Kada a kunna risho ko murhun gas a ɗaki da niyyar busarwa, domin ban da haɗarin hayaƙi, kowace lita ɗaya ta kananzir da ta ƙone tana sakin kusan lita ɗaya ta ruwa a iska. Zafi mai yawa kuma yana busar da fatar bango ya bar cikinsa a jiƙe, ya tsaga yaɓe, ya kantarar da katako.

Magina suna da wani tsohon ƙiyasi cewa kowane inci ɗaya na kaurin bango, wato santimita 2.5, yana cin kimanin wata guda kafin ya bushe. Ƙiyasi ne kawai, yanayi da irin bulo suna iya rage shi ko su ƙara shi, amma ya isa ya nuna cewa bango mai kaurin inci 9 ba aikin mako biyu ba ne, mai kaurin inci 18 kuwa zai iya haura shekara. Ana iya komawa cikin gidan kafin nan, muddin an tsabtace shi kuma ginin lafiya yake. Ado ne kawai zai jira.

Ido ba ya gane bushewa. Na'urar auna danshi mai allurai biyu tana da amfani a katako, kuma abin da ake nema shi ne adadin ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, domin sama da haka ne ruɓewa ke samun gindin zama. Katakon cikin ɗaki da za a yi wa fenti ya fi kyau ya sauko wajen kashi 15. A jikin bulo da yaɓe kuwa na'urar takan yi ƙarya, saboda gishirin da ke bangon yana sa ta nuna danshin da ya wuce gaskiya, don haka a riƙa auna wurare guda kowane mako ana rubutawa, a lura da saukar adadin, a kuma kwatanta da bangon da ruwa bai kai ba. Ga daɓen siminti akwai gwaji mai sauƙi: a manna leda mai faɗin kamar santimita 45 a kowane gefe, a like bakinta da salatif, a bar ta kwana ɗaya, idan aka ɗaga aka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, daɓen bai isa a shimfiɗa masa komai ba.

Yayin da bango ke bushewa za a ga wani farin gari yana fitowa a fuskarsa. Gishiri ne da ruwa ya narkar daga ƙasa da cikin bulo, ya biyo danshi zuwa waje. A share shi a bushe da buroshi, a kwashe a fitar, kada a wanke da ruwa, domin wankin mayar da shi ciki yake yi. Fitowarsa waje alheri ne, tunda idan aka rufe bangon da siminti ko fentin mai, gishirin zai daskare a bayan rufin ya riƙa cin bulon yana mayar da shi gari. Bayan ambaliyar kogin Arno a birnin Fulorens na Italiya a 1966, gishirin da ya riƙa hawa cikin bangon tsofaffin gine-gine ya ci gaba da lalata zane-zanen jikinsu bayan ruwan ya daɗe da tafiya, har aka ɓanɓare wasu daga bangon don a cece su.

Tsaga ma a sa mata ido kafin a cike ta. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, saboda haka wasu tsagogin kan rufe da kansu. Wadda take ƙaruwa, ko ta haura milimita 5, ko ta bi layin bulo kamar matakala daga kusurwar taga, ta injiniya ce.

Gyara da irin abin da aka yi ginin

Idan lokacin yaɓe ya yi, a mayar wa bango irin abin da aka san shi da shi. Bulo ko dutsen da aka ɗaure da farar ƙasa a gyara shi da kwaɓin farar ƙasa, galibi awo ɗaya nata da awo uku na yashi mai kaifi. Kwaɓin ya kamata ya fi bulon laushi, domin idan gishiri ko motsin gini zai ci wani abu, gara ya ci kwaɓin da za a iya sakewa. Farar ƙasa tana ƙarfi ne a hankali ta hanyar shan iskar kabon dayoksaid, don haka a yi yaɓen hawa-hawa marasa kauri, a kare shi daga rana, a riƙa yayyafa masa ruwa na 'yan kwanaki. Tana ƙona fata da ido, sai da safar hannu da tabarau.

Bangon ƙasa a gyara shi da ƙasa irin tasa. Inda gindinsa ya zaizaye, a sassaƙe ɓangaren da ya lalace a cike da busassun tubala, a yi ɗan guntu a nan a tsallake a yi wani can, kada a buɗe dogon wuri a lokaci guda bangon ya rasa abin tsayawa. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa yana da kyan gani a shekarar farko, amma ba ya mannewa da gaske, ruwa yana shiga ta tsagoginsa ya kasa fita, bangon ya narke a ɓoye. Wajen fenti ma a fara da ruwan farar ƙasa ko wani fenti mai barin danshi ya wuce, a ajiye fentin mai sai bayan shekara. A duba kan gumaguman rufi da na daɓe inda suka shiga bango, domin nan ne danshi ya fi daɗewa, kuma nan ruɓewa da gara suke fara ci.

A garin da ruwa ya saba ci, a yi gyaran da sanin cewa zai dawo. A ɗaga soket da mitar lantarki da akwatin rarraba wuta sama da shatin da aka auna, a saukar da wayoyi daga sama maimakon a bi da su ta gindin bango. A sa bawul mai hana ruwa komawa baya a bututun masai, domin sau da yawa ta nan ƙazanta ke fara shigowa. A rage ƙasar da ta taru a gindin bango cikin shekaru, har ta sauka aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, a gangarar da ita nesa da gini, a kuma yashe magudanai kafin lokacin ruwa. Kabad ɗin kicin a ɗora shi a kan ƙafafu, kafet ɗin da ake mannewa kuma a musanya shi da shimfiɗar da za a iya naɗewa a ɗauke.

Allunan tare ruwa da ake sawa a bakin ƙofa suna da amfani ga ƙaramar ambaliya, amma suna da iyaka. Ruwa mai zurfin mita ɗaya yana tura kowace mita ɗaya ta tsawon bango da ƙarfin da ya kai nauyin kusan kilo 500, idan zurfin ya ninka kuma ƙarfin yana ninkuwa sau huɗu. Saboda haka masana gini suke ba da shawarar kada a yi ƙoƙarin tare ruwan da ya haura kimanin santimita 60 sai injiniya ya tabbatar bangon zai ɗauka. Idan ruwa ya wuce nan, a kashe wuta, a hau da kaya sama, a fitar da iyali, a bar shi ya shiga ya daidaita a ɓangarorin bangon biyu.